Darar Ces: Yadda Za Ka Fara, da Yadda Za Ka Daina Zubar da 'Ya'yanka a Banza

A hutun Disamba, lokacin da sanyin Jos ke ratsa bargo har ya kai ga ƙashi, ɗan yayata mai shekara 11 ya zo mana hutu a Unguwar Rogo. Ya tarar da allon ces a zaure, ya ɗauki doki yana jujjuyawa, ya ce, "Kawu, wannan wace irin dara ce mai dawakai?" A daren na nuna masa tafiyar kowane ɗa. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, kafin a kira isha'i ya haddace. Amma sati guda cur bai ci wasa ko ɗaya ba, kuma dalilin ɗaya ne kullum: hannunsa ya fi idonsa sauri. Ina sauke ɗana, shi ma ya ɗaga nasa. Sai na sa masa doka, ya riƙa zama a kan tafukan hannunsa har sai ya faɗa mini da baki abin da nake nufi da tafiyar da na yi. Ranar da ya ɗago kai ya ce, "Kawu, giwarka sarauniyata take hari ko?" a ranar ya fara wasan ces. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan tambaya aka gina shi.

Wasan ba na Turawa ba ne tun asali, ko da yake ta hannunsu ya fi yaɗuwa a wajenmu. A Indiya ya samo tushe wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suna kiransa shaɗaranji, har aka yi gwanaye irin su As-Suli a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Daga Andalus ya bazu cikin Turai, inda aka ƙara wa sarauniya ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 15. Hukumar da ke kula da shi a duniya, FIDE, an kafa ta a Paris a 1924. Wanda ya saba da darar gargajiya ta ramuka 30 ko diraf ba zai ji shi baƙo ba. Bambancin kawai, a nan kowane ɗa da irin tafiyarsa.

Me za ka samu a ciki?

Ba zan yi maka alkawarin da ba ni da tabbacinsa ba. Ana yawan cewa ces na sa yaro ya iya lissafi. Wani babban bincike da aka yi a makarantun firamare na Ingila, aka fitar da sakamakonsa a 2016, bai ga ƙarin maki a jarrabawar lissafi ba ga yaran da aka koya wa wasan. Saboda haka kada uba ya sayi allo yana jiran ɗansa ya zo na ɗaya. Abin da na gani da idona ya fi wannan kusa da ƙasa. Yaron da ba ya iya zama minti biyar sai ka ga ya yi minti 40 a wuri ɗaya, idonsa a kan abu guda. Yana koyon duba abin da zai biyo baya kafin ya miƙa hannu. Kuma yana koyon faɗuwa ba tare da neman wanda zai ɗora wa laifi ba, domin a ces babu alƙalin wasan da ya yi maka coge, babu ɗan lido da ya ƙi ba ka shida. Kai ka tafi, kai ka jawo.

Akwai wani amfani da mu mutanen Jos muka fi kowa sanin darajarsa. Allo ba ya tambayar unguwar da ka fito ko inda kake ibada. Na sha ganin saurayi daga Gangare da wani daga Tudun Wada sun haɗa kai a kan allo ɗaya, suna gardama a kan doki, su tashi su sha shayi tare. A garin da ya ga abin da muka gani, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga masu cewa wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, su dubi Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a 2018 yana koya wa yaran unguwannin talakawa a Legas, kuma a Afrilun 2025 ya yi awa 64 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York. Ga kuma Tanitoluwa Adewumi, yaron Najeriya da ya ci gasar ƙananan 'yan firamare ta jihar New York a 2019 yana ɗan shekara 8, alhali iyalinsa na kwana a gidan marasa matsuguni.

Abu ɗaya kuma da bai kamata in tsallake ba: malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin shaɗaranji, wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. A zaurena dai ba a sa ko sisi, kuma ana kiran salla allo yake zama yadda yake har mu dawo.

Mataki na farko: allo da 'ya'ya

Shagunan kayan wasanni na wajen Taminus ba sa rasa allo. Ka nemi na leda mai naɗewa, wanda aka rubuta haruffa a zuwa h da lambobi 1 zuwa 8 a gefensa, za ka buƙace su nan gaba. In babu hali, kwali da marfin kwalba sun isa, a zana alama a kan kowane marfi.

Gidaje 64 ne, kowane ɓangare 'ya'ya 16. Wajen jerawa mutane kan yi kuskure biyu. Gidan kusurwar da ke hannunka na dama dole ya zama fari. Sarauniya kuma a kan launinta take zama, fara a farin gida, baƙa a baƙi. Mai farare ne ke fara tafiya.

Masu wasa a nan sun fi kiran 'ya'yan da sunayen Ingilishi, amma ni da Hausa nake koya wa yara, kuma sun fi saurin kamawa. Sarki taku ɗaya yake yi ta kowace fuska. Hasumiya tana miƙewa gaba, baya ko gefe iya inda hanya ta buɗe. Giwa, wadda ma'anar sunanta na Larabci ke nan tun da, a karkace take tafiya, kuma ba ta taɓa barin launin da ta fara a kai. Sarauniya ta haɗa tafiyar hasumiya da ta giwa. Doki gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe, shi kaɗai ne ke tsallake wasu. Dakare gaba kawai yake yi, taku ɗaya, ko biyu a fitarsa ta farko, amma a karkace yake ci. In ya kai ƙarshen allo sai ya rikiɗe ya zama duk abin da ka zaɓa ban da sarki, kuma kusan kullum sarauniya ake zaɓa.

Idan aka yi wa sarki barazana, cek ke nan, wajibi ne ka kauce, ko ka tare, ko ka cinye mai barazanar. In duka ukun sun gagara, cekmet, wasa ya ƙare. Idan kuwa ba a yi wa sarkinka cek ba amma ba ka da tafiyar da doka ta yarda da ita ko ɗaya, an yi kunnen doki.

Dokoki biyu ne ke jawo musu a majalisa, gara ka san su tun yanzu. Ta farko shigar da sarki gida: sarki ya yi taku biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta zauna a gefensa. Sharaɗin shi ne dukansu ba su taɓa motsawa ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin cek, kuma ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da abokin gaba ke hari ba. Ta biyu cin wucewa: in dakarenka ya kai layi na biyar daga ɓangarenka, dakaren abokin wasa ya yi tsallen gida biyu ya sauka a gefensa, kana iya cinye shi kamar taku ɗaya ya yi, amma a tafiyar da ke biye kaɗai.

Sai ka haddace farashi, kamar ɗan kasuwa. Dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Wanda ya ba da hasumiya ya karɓi doki ya yi asara, sai in yana da wani dalili da zai iya faɗa.

Mataki na biyu, wanda ya fi duk sauran

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin wasa ko a faɗi a shekarar farko. Sabon shiga ba ya faɗuwa don an fi shi dabara mai zurfi. Yana faɗuwa ne don ya ajiye ɗa a inda za a ɗauka kyauta, ko an ajiye masa bai gani ba. Ka zauna ka kalli sababbi biyu suna wasa, za ka ga sarauniya ta yi tafiya uku a bakin kura babu wanda ya lura.

Maganin shi ne ka saba wa kanka da tambayoyi, a kowace tafiya, ba a wadda ka ga dama ba. Da abokin wasa ya sauke hannu, kafin ka tuna shirinka, ka tambayi kanka: me wannan ɗan yake hari daga sabon gidansa? Wace hanya ya buɗe da ya tashi daga tsohon? Wannan ta biyun ita ake mantawa, dakare ya matsa taku ɗaya, ashe giwa ce a bayansa take kallon hasumiyarka tun daga can kusurwa.

Sannan ka duba naka damar bisa tsari: ina da cek? Akwai abin da zan ci? Akwai wanda zan yi wa barazana? In ka zaɓi tafiya, kada ka taɓa ɗan tukuna. Ka ajiye shi a sabon gidan a cikin zuciyarka, ka koma kujerar abokin wasanka, ka ce, da ni ne shi, me zan yi yanzu? In amsar ita ce zai cinye ɗan a banza, ko zai yi maka cek ɗin da zai tafi da wani abu, sai ka sake shawara.

Da farko abin zai gundure ka. Wasan minti goma zai koma na awa. Ka daure, bayan wata ɗaya ko biyu ido zai riƙa yi da kansa.

Wajen musaya kuma ƙidaya ake yi. Kafin ka ci ɗan da ke da kariya, ƙirga naka nawa ke harin gidan, nasa nawa ke tsaronsa, sannan ka auna farashin abin da zai fita daga kowane ɓangare. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a allo kamar yadda yake a waje. In gwani ya bar maka dakare a fili, ka tsaya ka duba me ke bayansa, kada dara ta ci gida.

Mataki na uku: ka fara daga ƙarshe

Kowa so yake ya koyi buɗe wasa. Ni da rufewa nake farawa, domin abin takaici ne ka rage da sarauniya, abokin wasa da sarki tsirara, ka yi ta zagaye allo ka kasa gamawa. Doka ma ba za ta jira ka ba: tafiya 50 kowane ɓangare ba a ci ɗa ba, ba a motsa dakare ba, abokin wasa na iya neman kunnen doki.

Ka kwashe komai daga allo. Fara da hasumiya biyu: ɗaya ta datse layi, ɗaya ta yi cek a layin da ke gaba, suna hawa kamar tsani har sarki ya kai bango. In ya matso kusa da ɗaya, ka janye ta zuwa can ɗaya gefen a kan layinta. Sai sarauniya da sarki: ka riƙa ajiye sarauniya nisan tafiyar doki daga sarkinsa, filinsa na ƙanƙancewa, har ya shiga kusurwa. A nan ake ɓarin garin. Ka bar masa gidaje biyu da zai riƙa kai da komo, ka tsayar da sarauniya, ka taho da sarkinka, sannan ka gama. In ka matse shi gaba ɗaya ba tare da cek ba, ka mayar da nasara kunnen doki da hannunka. Bayan wannan sai hasumiya ɗaya da sarki, wanda ya fi ɗaukar lokaci amma hikimar ɗaya ce.

A wasan sarki da dakare, ka riƙe wannan: sarki ne ke shiga gaba, dakare na biye. In sarkinka ya hau layi na shida a gaban dakarenka, ka ci wasa, sai dai in dakaren na bakin allo ne, layin a ko h, wanda in sarkin abokin gaba ya riga ka shiga kusurwa babu yadda za ka yi da shi. Sarkin da ka ɓoye tun farko, in 'ya'ya sun ragu mayaƙi ne, ka fito da shi tsakiya.

Mataki na huɗu: tarkuna

Tarkunan da ake cin wasa da su ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Akwai hari biyu, inda ɗa guda ke barazana ga abu biyu lokaci ɗaya. Doki ne gwanin wannan. Ka ajiye baƙin sarki a e8, wato gidan da layin harafin e ya haɗu da layin lamba 8, hasumiya a a8, ka sa farin doki a c7, ka gani: sarki dole ya motsa, hasumiya ta tafi. Akwai turke, inda ɗa ba ya iya motsi don babba na bayansa, kamar giwa a g5 ta ɗaure doki a f6 alhali sarauniya na d8 kuma babu kowa a tsakani. Akwai tsinken tsire, babba a gaba ƙarami a baya, babban ya kauce a ci na bayan. Akwai kwanton ɓauna, ka janye ɗa guda sai harin na bayansa ya bayyana. Sai mutuwar bayan gida: sarki na g1, dakarunsa uku a f2, g2 da h2 sun toshe shi, hasumiyar abokin gaba ta sauko layin farko, shi ke nan. Taku ɗaya na dakaren h2 zuwa h3 a kan lokaci yana buɗe masa taga.

Ba a koyon waɗannan da karatu, sai da warware matsaloli. Shafin wasan ces na intanet mai suna Lichess kyauta ne gaba ɗaya kuma yana da su birjik, Chess.com ma yana da nasa. Guda goma a rana, a natse, ka ga amsar har ƙarshe a kanka kafin ka taɓa waya, sun fi guda 100 na cinke.

Mataki na biyar: buɗe wasa

Kada ka haddace komai tukuna. Ka kama tsakiya da dakaren e ko d. Ka fito da dawakai da giwaye, kowane sau ɗaya, suna fuskantar tsakiya, domin doki a tsakiyar allo gida 8 yake gani, a kusurwa 2 kacal. Ka shigar da sarki gida kafin tafiya ta goma. Sarauniya ta yi haƙuri, in ta fito da wuri ƙanana za su yi ta korarta suna samun wuri. Da farare, dakare e4, doki f3, giwa c4 sun ishe ka shekara guda. Wannan shi ake kira buɗewar Italiya, an fi shekara 400 ana yin ta.

Tarko ɗaya ne dole ka san maganinsa, don kowane sabo sai an gwada shi da shi: giwa a c4, sarauniya a h5, su biyun suna harin f7, gidan da sarki kaɗai ke tsaro. In kai ne mai baƙaƙe kuma ka riga ka sa doki a c6, sai ka tura dakare g6. Sarauniya ta koma f3 tana sake hari, ka sa ɗaya dokin a f6. Ka toshe, kuma ka riga shi fito da 'ya'ya.

Mataki na shida: wasa a hankali, da littafi a gefe

Wasan minti ɗaya ko uku a waya yana da daɗi kamar gyaɗa, amma sabo ba ya ƙaruwa da shi, kurakuransa kawai yake nanatawa da sauri. Ka zaɓi minti 15 kowane ɓangare da ƙarin daƙiƙa 10 a kowace tafiya, ko ma minti 30. In ka faɗi biyu a jere, ka ajiye wayar, wasa na uku cikin fushi ba ya kyau.

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk wasan da ka yi a allo ka rubuta tafiyarsa da harafi da lambar gida. Bayan an gama, ka sake jera shi kai kaɗai, ka nemo inda abin ya juya, ka rubuta dalili a jimla ɗaya: ban duba giwarsa ba, na yi kwaɗayin dakare, na bar sarki a tsakiya. Sai bayan ka yi naka sannan ka buɗe injin kwamfuta ya nuna maka abin da ya wuce ka. Tun 1997 da kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, aka san na'ura ta kai inda ta kai, kuma Stockfish, injin ces ɗin da za ka iya sawa a wayarka yau, ya fi kowane ɗan adam. Amma zai gaya maka tafiyar da ta dace ne kawai, ba zai gaya maka abin da ya sa idonka ya kauce ba. Littafin ne zai gaya maka. Bayan wasa 20 za ka ga jimla ɗaya tana ta dawowa, ita ce aikinka na wata mai zuwa. A littafin ɗan yayata, "na manta da doki" ta fito sau bakwai kafin ya koma makaranta.

Game da maki da ake bayarwa a intanet, kada su hana ka barci. Suna hawa suna sauka. Magnus Carlsen na Norway, da ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2023, shi ma yana faɗuwa, haka Gukesh na Indiya da ya zama zakara a Disamban 2024 yana ɗan shekara 18.

Rabin awa a rana ta isa in za a dawwama: minti goma na matsaloli, sauran na wasa ɗaya a natse ko bitar na jiya, ranar Asabar kuma a zauna da mutum ido da ido. Ka nemi wanda ya ɗan fi ka, ba wanda zai share ka a tafiya 12 ba. Wajen ɗaliban Jami'ar Jos ba a rasa masu wasa, kuma yawancinsu in ka ce, "Yallaɓai, a ina na ɓata?" za su mayar da 'ya'ya su nuna maka. 'Yan mata ma a ba su allo, ƙanwar yaron nan mai shekara 9 ta fi shi haƙurin ƙirga musaya.

In ka ji labarin gasa a gari, ka shiga ko da kana ganin ba ka kai ba. Ka tafi da biro biyu da rigar sanyi, ka kashe waya kafin ka shiga ɗakin, don ƙararta kaɗai na iya sa a ba abokin wasanka nasara. Ɗan da ka taɓa dole shi za ka motsa, in ka saki hannu kuma tafiya ta zauna. Da hannun da ka motsa ɗa za ka danna agogon da ke ƙirga lokacin kowane ɗan wasa. In an gama ku yi musabaha, ku kai wa alƙali sakamako, sannan ka roƙi abokin wasan ya ba ka minti biyar a waje ku sake jera wasan tun daga tafiyar farko.